Haddar da Muka Yi Don Masta Isifu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini komai, da wani yammaci da na tsaya gaban allo da sanda a hannu, wai ni ne zan ceci malaminmu daga kora.

A lokacin ƙasar nan ba ta karɓi sunan Gana ba tukuna. Na haura arba'in, furfura ta fara leƙowa a gemuna, sana'ata ɗaurin huhun goro a bakin kasuwar Kejetiya. Abin da ya kai ni ajin manya bai wuce gajiya da dangwala yatsa ba. Duk inda aka ce a sa hannu, sai a kama babban yatsana a tsoma a tawada kamar na ɓarawo. Ana yin ajin ne bayan la'asar, a wata makarantar yara da ke gefen unguwarmu ta Zongo. In sun tashi sai mu shiga. (Ka kwatanta ƙattin maza da manyan riguna a kan bencin yara, gwiwa tana gaisawa da haɓa.) An naɗa ni shugaban aji, ba don ilimi ba, don na fi kowa shekaru da haƙurin zama.

Malaminmu na farko ya sami aiki a Akara ya tafi, aji ya zauna a rufe har muka fara manta ɗan abin da muka koya. Sannan aka ba mu Isifu. A gabana aka haifi yaron nan. Marigayi babansa abokina ne, uwarsa kuwa, Mma Hawa, ita ke sayar mana da koko da ƙosai a bakin masallaci. Bai daɗe da gama makaranta ba, bai taɓa koyar da ko kaza ba, aka ba shi alli aka ce ga aji. A waje ɗana ne, a aji kuwa sai mu ce Masta, shi kuma ya ce mana Baba, kowa na jin nauyin kowa.

To, nan matsalar take. Isifu ba ya iya kallon idon sa'an ubansa ya ce ya yi kuskure. Sai ya juya mana baya, ya fuskanci allo, ya karanta, mu amsa gaba ɗaya kamar masu amsa waƙa. In ya waiwayo a tsorace ya ce, "Baba, kun gane?" sai mu ce, "Mun gane, Masta!" Wa zai ce bai gane ba ya kunyata maraya a gaban jama'a? Shi ma ba ya ware mutum ɗaya ya tambaye shi, kada ya kunyata dattijo. Haka muka yi watanni muna rufa wa juna asiri, ni kuwa baƙaƙen boko suna yi mini kama da tururuwa a kan tabarma.

Wata rana bayan an tashi, Isifu ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Baba, an aiko daga ofis. Sati mai zuwa wani babban malami zai zo ya duba yadda nake koyarwa."

Mu a Zongo mun san mutumin gwamnati iri ɗaya ne ke zuwa dubawa, shi ne tankas, wato duba-gari. Wannan in ya shigo gidanka ba gaisuwa ta kawo shi ba. Randa zai nufa, ya zura ludayi, in ya ga tsutsar sauro ko ɗaya ce, sai sammaci. Saboda haka da an ji ihun "tankas!" a lungu, mata su hau zubar da ruwa, a yi shara, a tura duk abin kunya ƙarƙashin gado. Ban taɓa jin an duba mutum an tafi ba a ci shi da laifi ba.

Washegari da na je shan koko, Mma Hawa ta ƙi kallona. Ta zuba mini, ta ƙara ƙosai, sannan ta ce a hankali, "Malam, yaron nan ko abinci ba ya ci. In suka kore shi, ina zai sa kansa? Amanar abokinka ce fa." In aka kori Isifu, ya rasa aikinsa na farko da mutuncinsa, mu kuma a sake garƙame mana aji.

Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in Allah ya so ya nuna masa iyakarsa. Na tara 'yan aji a zauren Mumuni mahauci, ba da sanin Isifu ba. Na ce, "Jama'a, dukanmu mun yi makarantar allo. Wanda ya haddace surori yana yaro, 'yan layukan boko ne za su gagare shi?" Akwai wata babbar takarda da Masta ke ratayawa a kan allo, da ita muke karatu a lokacin. Alhasan tela, wanda shi kaɗai ne a cikinmu ke karantawa da gaske, ya riƙa biya mana ita muna ɗauka da ka: Audu ya tafi kasuwa. Ya sayi goro. Ya hau mota ya koma gida. Da sauran abin da ya biyo baya har ƙasan takardar.

Mumuni ya ce, "Shi dai wannan Audu ba ya gajiya? Kullum kasuwa!"

Na ce, "Rufe mana baki, ka biya."

Sannan na zo kan batu mai nauyi. Na ce duk wanda kansa bai ɗauka ba, ranar ya kwanta ciwo. Na zaɓi mutum uku na ce su zauna a gida, ciki har da Baba Salifu, wani tsohon Bamoshe mai gadi, wanda bai taɓa fashin aji ba. Ya dube ni ya ce, "To kai fa?" Na ce ai ni shugaba ne. (Da na saurari tambayar nan tasa da kyau, da ban ba ku wannan labari ba.)

Abin da ya fi ba ni tausayi, a 'yan kwanakin nan Isifu ya ga karatunmu ya zama kamar ruwa, har ya fara murmushi. Ya ce da ni, "Baba, ashe ina iyawa." Na sunkuyar da kai na ce, "Sosai ma, Masta."

Ranar ta zo. Mun zauna kowa ya sha wanka kamar ranar Juma'a, ba mai tari, sai muka ji ƙarar keke a waje. Wani guntun tsoho ya shigo, Ba'asante, da gajeren wando da farin kai. Ya ce sunansa Masta Ansa. Ya gaishe mu da Hausar bariki, wadda ya ce ya koya lokacin da yake koyar da sojoji. Ya wuce can baya ya zauna a benci, ya harɗe hannuwa. Bai riƙe komai ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Mutumin da bai rubuta laifinka ba, ai a ka yake ajiye shi.

Isifu ya fara. Muka amsa da ƙarfi har kwanon rufin ɗakin na amsawa. Na saci kallon baƙon, na ga yana gyaɗa kai. Na ce a raina, an zubar da ruwan randa, tankas bai ga komai ba.

Sai ya ɗaga hannu. "Masta, yi haƙuri. Mutum ɗaya ya zo ya karanta, ya nuna da sanda."

Isifu bai iya kiran kowa ba. Alhasan tela ya fara gyara riga zai miƙe, amma baƙon ya riga shi: "Wa ne shugaba a nan?" Duk idanu suka juyo kaina. Mumuni, Allah ya saka mini, har da nuna ni da yatsa.

Ban san yadda na isa gaban allon ba. Na karɓi sanda, na yi bisimilla a ɓoye, na buɗe baki. Ai kuwa hadda ta zo! Ta zo da muryar makarantar allo, da rausaya, har ina jan ƙarshen kowane layi kamar mai tilawa. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na hango Alhasan yana kaɗa mini hannu yana zare ido, na ɗauka jinjina ce, na ƙara murya. Na kai ƙarshe, na tsaya ina haki, ina jiran a ce madalla.

Isifu ya rufe fuska da tafin hannu.

Ashe tun daga layin farko, sandata daga dama take tafiya zuwa hagu. An sha gaya mini boko daga hagu yake farawa, na kuma sani. Amma da tsoro ya kama ni, harshe ya koma makarantar allo, hannu ma sai ya bi shi can. Bakina na cewa Audu, sanda na kan kasuwa.

Masta Ansa ya taso a hankali ya tsaya kusa da ni. Ya ce, "Baba, muryarka da daɗi. Wane aiki kake yi?"

Na ce, "Goro, ranka ya daɗe."

"To madalla. Nuna mini goro a nan."

Jama'a, na yi rabin rayuwata cikin goro. Ido a rufe ina bambance fari da ja. Amma na dubi takardar nan sama da ƙasa, goro ya ɓace mini. Na yi ta maza na dangwara sanda a kan wata kalma.

Ya ce, "Wannan mota ne."

Daga bayan aji Mumuni ya ce, "Lallai wanda zai ɗaure wannan a huhu sai ya nemo ganye da yawa!" Aji ya fashe da dariya, irin dariyar da tsoro ya daɗe yana dannewa.

Ni ban yi dariya ba. Na ga aikin yaron nan ya tafi, kuma da hannuna. Na cire hula na durƙusa, ni da furfurata, na ce, "Ranka ya daɗe, ni na shirya wannan, Masta bai sani ba. Ka kore ni, ka bar maraya da aikinsa."

Tsohon ya kama kafaɗata ya ɗaga ni. "Kora? Wa ya ce kora? An ba yaro aji, ba a nuna masa hanya ba. Aikina in zauna da sabon malami in taimake shi. Ni ranar da na fara koyarwa, ta taga na so in fita." Ya ƙirga mutanen da ke kan benci da ido. "Ina sauran mutane?"

Na ce ba su da lafiya.

"Dukansu? Ciwon nan ya san waɗanda yake kamawa. Gobe a kawo su. Su na zo gani."

Sannan ya juya ga Isifu, ba faɗa ba tsawa. Ya ce masa ya daina ba mu baya. Ya sa aka samo kwali, aka yanka ƙanana, aka rubuta kalma ɗaya a kowane, aka cakuɗa su yadda hadda ba za ta yi amfani ba. Ya nuna masa yadda zai zauna kusa da mutum ya tambaye shi a hankali, ba a tsakiyar jama'a ba, don kada girma ya zube. Mu kuma ya ce mana, "Kuna tausayin malaminku, kun hana shi ganin inda zai gyara. Shugaba, kai za ka fara. Gaya masa gaskiya."

Na dubi Isifu, ya dube ni. Na taɓa ɗaukar huhu biyu a ka, amma bai kai nauyin maganar nan ba. Na ce, "Masta, ban gane ba. Tun ranar farko ban gane ba."

Idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya jawo benci ya zauna kusa da ni ya ce, "To Baba, mu koma farko."

Masta Ansa ya yi ta zuwa da kekensa har damina ta wuce. In an tashi su zauna da Isifu a gindin mangwaro su tattauna abin da ya yi kyau da abin da za a sake. Ba a kori kowa ba. Da aka yi hutu ma sai aka tura Isifu wani ɗan kwas na sababbin malamai, ya dawo yana kallon mutane a ido. Baba Salifu, wanda na sa ya kwanta ciwon ƙarya, ya riga ni iya rubuta sunansa, kuma bai bar ni na manta ba. A Kejetiya kuwa na daɗe ina wucewa ana kira, "Shugaba, nuna mana goro!"

Abin da na koya shi ne, in aka turo mai magani gidanku, kada ka shafa wa majinyaci kwalli ka zaunar da shi a ƙofar gida yana murmushi. Balle in kai ne majinyacin.