Jan Biro a Wasiƙar Baba

Akwai wasiƙar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da yake Allah ya sani na so in manta.

Lokacin ina koyon aikin malanta a wata firamare a Funtua, an damƙa mini jan biro na farko a rayuwata. To fa, sai kai ya kumbura. Ba littafin yara kawai ba, har Turancin da ke jikin motoci da allon mai shayi sai na tsaya na gyara (a zuci dai, don ina tsoron direbobi).

Babana manomin auduga ne a ƙauyenmu kusa da Kafur. Shi da Inna sun koyi karatun Hausa a majami'a, amma da ya ga ɗansa zai zama malam, sai ya fara bin mai bisharar garinmu yana koyon Turanci da furfurarsa. Kowane hutu yakan nuna mini jimlolinsa in duba.

Wata Laraba Malam Audu, direban da ke kawo audugar garinmu, ya miƙo mini wasiƙa. Layi shida, da Turanci, hannun Baba. Ban ko zauna ba na zaro biro. Nan na zagaye kalma, can na soke wata na ɗora wadda ta fi dacewa. Na ga ya rubuta kalmar asibiti ba daidai ba, na gyara, na wuce. A zatona aikin darasi ne. Kafin Malam Audu ya gama sauke kaya, na rubuta "A sake rubutawa" a ƙasa, har da sa hannu, na mayar masa.

"Babu wani saƙo?" in ji shi.

"Shi ke nan, zai gane."

Bayan mako uku aka aiko cewa Baba yana kwance a asibitin Malumfashi. Na same shi ƙafafu sun kumbura suntum, matan zumuntar majami'armu sun kewaye gadon. Ko gaisuwa ban gama ba Inna ta kwance bakin zane ta fito da takardar, ta yi jajir kamar an yanka kaza a kai.

"Malam," in ji ta (ba ta taɓa kirana haka ba), "karanta mana. Da Hausa, mu ma mu ji."

Na fara fassarawa. "Ɗana, ƙafafuna sun kumbura, na kasa zuwa gona. Ka zo ka kai ni asibiti. Na rubuta da Turanci don kada innarka ta karanta hankalinta ya tashi."

A nan na tsaya. Ranar ce na fara karanta wasiƙar. Matan suka zuba mini ido, kuma wallahi da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ne ya cece ni, ko in ce ya ƙarasa ni. Ya laluba ƙarƙashin matashin kai ya zaro wata takarda.

"Ku ƙyale mini yaro, aikinsa ya yi. Ga shi na sake, ban samu mai kai maka ba ne. Duba mini, yanzu ta yi?"

Ya kwafe duk gyarana, layi bayan layi. Idona, wannan la'anannen ido, ya hango kuskure biyu tun kafin hawaye ya rufe shi.

"Ta yi, Baba. Babu kuskure ko ɗaya."

Ya yi murmushi kamar yaron da ya zo na ɗaya. Kwana tara bayan nan muka binne shi, audugarsa tana gona ba a gama cira ba.

Na tsufa a aikin malanta, ana ma yi mini tsiya wai na fi kowa jinkirin duba littafi. Gaskiya ne. Ba na cire murfin biro sai na karanta takarda har ƙarshe, na ji abin da mai ita yake nema a wurina. Kuskuren nan biyu kuwa suna nan a akwatina, har yau ban gyara su ba.