Ranar da Aka Yi wa Darakta Kutse

A shekarar 1986 na fara sanin Abdulganiyyu Bala, ranar wata Talata, ƙarfe goma saura kwata. Ina akawu a Haɗeja a lokacin, ina da tafireta tawa ta kaina, irin wadda aka koya mana a makarantar mishan, inda ake dukan yatsa in ya taɓa harafin da ba nasa ba. Ya shigo da ƙarnin kifi har gwiwar hannu, ya ce yana son koyon bugu. Na sa ya wanke hannu da sabulu sau uku. Wata shida ina koya masa, bai taɓa cewa na gode ba. Tun a nan na gane babban mutum zai zama.

Ga shi kuwa Allah ya ɗaukaka shi. Yau shi ne Daraktan Bayanai da Fasahar Zamani na ƙungiyar masuntan yankinmu, muƙamin da shi ya ƙirƙira, shi ya tsaya takara, shi ya ci ba hamayya. A gabansa ana ce masa Darakta. A bayansa, Sarkin Linzami, na kwamfuta ba na doki ba. Ni kuma yana kirana Baba Analog, cikin girmamawa.

Ƙungiyar ta masunta ce, amma Darakta ba ya jure warin kifi. Likita ne ya hana, in ji shi. In zai ratsa ta wurin masu banda, sai ya toshe hanci da hankici mai turare, ya rungume jakar laftof ɗinsa kamar mai tsallakar da jariri a ruwa. In an ambaci mahaifinsa, marigayi Bala, wanda duk fadamar nan ta san kwalekwalensa, sai ya ce, "Eh, marigayi ya yi harkar albarkatun ruwa." Ni dai ban kai wannan matsayi ba. Tun rasuwar matata, duk safiyar Juma'a nakan tarar da tarwaɗa rataye a ƙofata, ban san mai kawowa ba, kuma ci nake.

Bara, da ambaliya ta ja baya, wata ƙungiyar agaji ta ce za ta raba gangunan banda ga matan da ruwa ya cinye nasu, amma sai an tura sunaye ta intanet kafin ƙarfe biyu na ranar Alhamis. Mata arba'in da uku suka zauna a gindin darbejiyar ofis. Aka kira ni in riƙa karanto sunaye daga takarda. Ta ƙarshe a jerin ita ce Larai, wata dattijuwa daga Guri, wadda jikoki biyar ke ci daga bandarta. Ba ganga, ba banda. Tun bayan Asuba ta taso.

Darakta ya fara da jawabi na minti arba'in a kan makomar duniya. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma ya buɗe laftof, ya naɗe hannun babbar riga, ya ɗaga yatsa ɗaya, don a ganinsa bugu da yatsu goma aikin ƙananan ma'aikata ne.

Sai muka ji: tulun!

Wani ɗan rubutu ya leƙo daga ƙasan allon, yana cewa an soka wata na'ura a jikin laftof. Muka duba. Ba filashi, ba waya, ba komai. Tilin! Rubutun ya ce an cire ta. Duk sa'ad da ya leƙo kuwa, shafin ya daskare, sunan da ake cikin bugawa ya ɓace.

Darakta ya miƙe. "Jama'a, kada kowa ya motsa. An yi mana kutse. Akwai wanda ke soka filashi ta iska yana zuƙe bayanai. Na san wannan aikin. Masu hassadarmu ne na can gaba, da ba su da Darakta."

Ya sa kowace mace ta kashe wayarta. Mata goma sha tara ne ke da waya, bakwai daga ciki ba caji. Tulun! Ya sa aka rufe tagogi don kada sigina ta shigo, muka fara dahuwa. Tilin! Ya kashe laftof ya kunna, sau huɗu, kowane da bismilla. Ya sakar wa laftof maganin bairos, wanda ya yi minti talatin da biyar yana bincike, ya dawo ya ce lafiya lau. Darakta ya ce wannan ne ma babbar shaida, domin ƙwararren ɓarawo ba ya barin sawu.

Daga nan ya juyo kaina. "Baba Analog, wannan agogon naka na aljihu, me ke cikinsa?"

Na ce, "Lokaci, Darakta. Ƙarfe ɗaya da minti biyar."

Aka fitar da agogona waje, aka ɗora shi a kan turmi.

Sai basira ta sauko masa. Ya kashe sautin laftof gaba ɗaya. Ofis ya yi tsit. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Na toshe su." Mata biyu har sun fara guɗa. Rubutun dai ya ci gaba da leƙowa, sai dai yanzu ba sallama.

Ƙarfe ɗaya da rabi, da na leƙa turmi, sunaye goma sha ɗaya kacal suka shiga. Da tafireta ce, da tuni na gama, da kwafi uku, na sha shayi.

A nan ne Larai ta tashi, ta gyara mayafi, ta shigo ba tare da an kira ta ba.

"Ranka ya daɗe, ni ban san boko ba. Amma abin nan cewa yake an soka masa abu, ko?"

"Iya, wannan magana ce ta sikyuriti."

"To ka duba inda ake sokawar?"

"Ba a duba irin wannan da ido."

"Kashe ta ka ba ni. Shekara hamsin ina cire ƙaya daga maƙogwaron yara."

Ina tsammanin zafin ɗakin ne ya sa ya miƙa mata. Ta kai laftof bakin ƙofa, ta karkata ta wajen rana, ta leƙa ƙananan kafofin gefe ɗaya bayan ɗaya. Ta zaro tsinken tsifa daga ɗankwalinta. Ta ɗan taɓa, ta juya, ta jawo.

Ƙugiya ce. Ƙarama, sabuwa fil, da jan zare ɗaure a wuyanta. Ita ce ke taɓa 'yan ƙarafan cikin kafar, laftof ta ɗauka baƙo ya zo.

Larai ta ɗaga ta sama. "Ikon Allah! Wannan ai ɗaurin gidan Bala ne. Jan zare, ƙulli uku. Duk fadamar nan shi kaɗai ke yin sa, kuma yau shekararsa ashirin a ƙasa." Ta dubi jakar laftof, ta dube shi. "Ganiyyu, ashe kana zuwa kamun kifi?"

"Samfur ne," in ji Darakta. "Na bincike."

"Samfur da guntun tana a baki?"

Dariyar da aka yi a gindin darbejiya, ina jin an ji ta a Kirikasamma.

Saura minti ashirin da biyu. Darakta bai ƙara jawabi ba. Ya kunna laftof, ya cire hula, ya zauna a miƙe, ya jera yatsu goma a layin tsakiya, daidai yadda na koya masa. Ina karantawa yana bugawa, bai ko kalli hannunsa ba. Sunan Larai ya shiga ƙarfe biyu saura minti uku. Na tabbatar, domin an dawo mini da agogona.

Da na koma gida na buɗe gwangwanin tsohon ribin na tafireta. A ciki nake ajiye wata ƙugiya da na taɓa samu a bakin tarwaɗar Juma'a. Jan zare. Na sa tabarau na ƙirga ƙullin. Uku.

Washegari kifin ya zo kamar kullum. Da hantsi, ina zaune a ƙofar gida, sai ga Darakta zai wuce, rungume da jakarsa. Ya tsaya daga nesa, ya zaro hankici, ya toshe hanci.

"Baba Analog, gidan nan naka ƙarnin kifi yake."

Na ce, "Wallahi kuwa, Darakta. Shekara goma sha ɗaya ke nan, duk Juma'a."