Faifan da Ilu Ya Kai Rumbun Innarsa

A Tsamiyar Dogo akwai wani mutum Ilu, masinjan makarantar al'umma. Gidansa shi ne da matarsa Tabawa da keke ɗaya. Abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Tabawa ta taɓa cewa ya yi ta zuba ruwa a randa har ta dawo daga unguwa, ta tarar da agwagin maƙwabta suna iyo a tsakar gida.

Malam Haladu ya ajiye alli tun tuni, amma shi ke riƙe da sakamakon ɗaliban makarantar na shekara talatin. Gara ta fara cin takardun, shi ya sa yake juye su a na'ura, don duk tsohon ɗalibin da ya zo neman shaidar karatu ya samu. Injiniya Rakiya ce ta zo daga birni ta kafa babbar na'ura ɗaya, ta gina ƙananan kwamfutoci uku marasa jiki a cikinta, ta kuma haɗa faifai biyu na ajiye kwafinsu.

Wata rana ta nuna wa Ilu maɓallin ɗaukar kwafi, ta ce ya danna duk lokacin da wani abu ya canza. Ilu ya ja kujera kusa da Malam. Malam ya buga harafi, Ilu ya danna. Har azahar suna ɗaya aka rubuta. Malam ya kai wa hedimasta takardar ƙorafi, da jan biro.

Wata rana Injiniya ta ce kwafin da ba a gwada maido da shi ba, ba abin dogaro ba ne, a riƙa gwadawa duk Juma'a. Juma'ar farko Malam ya gama shigar da sakamakon aji shida kenan, Ilu ya maido da kwafin Litinin a kan aikin. Aikin kwana huɗu ya tafi.

"Kai Ilu, wa ya aike ka?"

"Juma'a ce, Malam."

Takarda ta biyu ta kai shafi uku. Injiniya ta gyara tsarin, gwajin ya koma kan wata kwamfutar da babu komai a ciki.

Wata rana kuma ta ce faifai na biyu a ajiye shi nesa da na'urar, iya nisan da za a iya. Malam ya ɗauka gidan hedimasta ake nufi, bayan masallaci. Ilu kuwa ya hau keke ya haye kogi, ya kai shi kan tudu, rumbun innarsa, cikin gwangwanin madara. Duk Asabar ya ɗauko, ya sabunta kwafin, ya mayar. Da Malam ya ji, ya rubuta ta uku: an fitar da kayan makaranta ba izini. Aka sallami Ilu, aka ce kada ya ƙara taka makarantar.

Kwana biyar bayan haka kogi ya yi ambaliya. Ofis ya nutse, na'urar da faifan farko suka mutu, gidan hedimasta ma ya rushe. Malam ya zauna a kan benci cikin laka. Sai a rana ta uku ya hango Ilu a wajen ƙofa, rungume da gwangwani.

"Tun yaushe kake nan?"

"Tun shekaranjiya. An ce kada in taka."

Malam da kansa ya fita ya kamo hannunsa. Injiniya ta zo da wata na'urar, Ilu ya maido da komai da kansa, tun da Juma'a nawa yana yi. Sunaye suka fito, ba wanda ya ɓace.

Malam ya rubuta takarda ta huɗu, mafi zafi a cikinsu: a mayar da Ilu aikinsa nan take, a ba shi haƙuri a gaban jama'a, kuma shi Haladu ne zai fara. Ya ba Ilu kwafinta, ya ce ya adana ta da kyau.

Ilu ya ninke ta, ya sa a gwangwani, ya hau keke ya nufi kogi.