Philomena Ta Rasu Ba Ta Ga Kerry Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ba na son a gan ni da shi, ni Malachy Gallogly na Kilbrack a gundumar Leitrim nake sanar da dangi da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa ɗaga mana yatsa a hanya, rasuwar motarmu Philomena. Ta cika ranar Lahadin makon jiya a hawan da ke gaba da tsohuwar gada, tana kan hanyar aikin da ta saba, tana da shekara ashirin da bakwai a duniya. Wanda yake ganin wannan abin dariya ne ya ajiye takardar, ba da shi nake ba.

Ƙanena Hughie ne ya raɗa mata suna. Ranar da muka kawo ta gida, na murɗa makulli ta yi tari sau uku kafin ta tashi, sai ya cire hula ya ce, "Barka da zuwa, Gwaggo Philomena." Haka ƙanwar babanmu take yi, ba ta buɗe baki sai ta yi gyaran murya sau uku. Sunan ya bi ta, tarin ma bai rabu da ita ba.

Marigayiya ja ce a ƙuruciyarta, daga baya ruwan sama ya mai da ita launin da ba shi da suna. Mai haƙuri ce, ba ta da girman kai. Ta ɗauki buhunan dusa, ta ɗauki maruƙa a kujerar baya, ta taɓa ɗaukar Fada, limamin cocinmu, a kan wannan kujerar washegari, bai kuma ce komai ba sai da ya sauka. Babu jana'izar da aka yi a ƙauyukan nan ba ta je ba. Ba ta taɓa gudu ba. Baƙi masu yawon buɗe ido sukan jeru a bayanta cikin motocin haya, suna danna hon, su ba su san faɗin hanyar ba, ba su san inda tumaki suke tsallakawa ba, amma su ne masu sauri. Ita kuwa ba ta taɓa kula su ba. Kowace mota muka haɗu da ita, nakan ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari kamar yadda aka koya mana, a ɗaga mini. Yaran yanzu wasu sun daina. Iyayensu su bincika.

Tana da aibinta, ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba. Ƙofar hagu, ta gefen fasinja, ba ta buɗuwa sai an doke ta da gwiwa. Salansarta waya ce ke riƙe da ita. Idan ta taho, tun daga nesa za ka ji ta: kaf, kaf, kaf, gurrr, sannan wani siririn kuka kamar na ƙyauren da bai ga mai ba. Karnukan unguwa ma sun daina yi mata haushi.

Ni da Hughie ba mu yi aure ba. Kada a tambaye ni dalili, lokacin tambayar ya wuce. Gona ɗaya, shanun tatsa, safe da yamma. Wanda ya taɓa kiwon shanun tatsa ya san ba sa jin Kirsimeti, ba sa jin biki. Saboda haka tun rasuwar mahaifiyarmu ba mu taɓa kwana a waje tare ba. In ana aure a Galway, ɗaya ya je ɗaya ya tsaya. In ana wasan ƙwallo a Dublin, wanda ya je bara shi zai tatsa bana. Mutane suna tasowa daga Amurka da Jamus su zaga ƙasar nan kaf cikin mako guda, mu da aka haifa a cikinta sai dai mu ba su hanya.

Shi ya sa muka yi shiri. Duk ranar da muka rabu da shanu, za mu ɗauki Philomena mu zaga bakin teku har Kerry, can kudancin ƙasar, ba mai jiran mu, ba mai kuka a garke. Hughie ya sayi taswira a gidan mai, ita ce a aljihun motar har yau. Shirin ya fi shekara ashirin, kuma abu ɗaya ne ya hana shi kammala. Ni na ce mu gangara kudu ta bakin teku, mu dawo ta tsakiyar ƙasa. Shi ya ce sam.

"In muka gangara ta bakin teku, tekun yana gefenka," in ji shi. "Ni me zan kalla, katangar dutse da gindin tumaki?"

Na ce, "Sai ka leƙa ta gefena."

"In leƙa ta kan wannan hancin naka? Ai sai mu kai Kerry ban ga ruwa ba. Mu bi ta tsakiya, mu hauro arewa ta bakin teku, ruwan yana hannuna. Kai direba ne, hanya aka ce ka kalla."

Na ce masa wanda bai taɓa tuƙa komai ba sai tarakta ba shi zai tsara mini hanya ba. Ya ce wanda ya taɓa ɓata a cikin garin Sligo da rana tsaka ya yi shiru. Haka muke yi duk hunturu, ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Da ƙafafuna suka fara gajiya muka sayar da shanun. A shekarar ne Hughie ya fara sa buta a wuta ba ruwa. Sai ya fara fita da bokiti neman shanun da babu su. Ranar da aka tsince shi a fadama da rigar barci, likita ya ce ni kaɗai ba zan iya ba. Na yi musu, aka fi ni gaskiya. Yanzu yana gidan kula da tsofaffi a gefen Sligo, kuma babu bas da ke bi ta Kilbrack.

A nan ne marigayiya ta yi babban aikinta, shi ne kuma dalilin wannan sanarwa. Kowace Lahadi bayan coci takan kai ni. Akwai ranakun da Hughie yake kallon fuskata kamar ta mai karanta mitar lantarki. Amma muryar Philomena bai taɓa mantawa ba. Jincy, nas ɗin da ke kula da shi, 'yar Indiya mai kirki, ta ce da ya ji kaf, kaf, kaf daga ƙofar shiga sai ya miƙe ya nemi hularsa, yana cewa, "Ga tsohon nan ya iso, ya makara kamar kullum." Ya fito, ya doki ƙofar hagu da gwiwa, ya zauna. A cikin motar nan ya san sunana, ya san sunan kowace saniya da muka taɓa yi. Ba ma zuwa ko'ina. Muna zaune a wurin ajiye motoci, filas ɗin shayi a tsakaninmu, taswira a cinyarsa, muna faɗan gefen da teku zai kasance. Sa'a biyu ina da ɗan'uwa. Sauran mako kuwa ni da rediyo ne.

A farkon bana na yanke shawarar a daina shiri a tafi. Shugabar gidan tsofaffin ta yarda in ɗauke shi na kwana uku a watan Mayu, da sharaɗin magungunansa da kuma waya kowace yamma. Na kama mana ɗaki wurin wata mata a garin Dingle da ke Kerry. Na sa wa Philomena sababbin tayoyi, na canza mata baƙin mai, na cika kwalbar ruwan albarka da ke rataye a madubi. Ban gaya wa Hughie ta wace hanya za mu bi ba, don ni ma a lokacin ban sauko ba.

Ciwon ajalinta ya fara a hankali. Tarin safe ya koma biyar, ya koma bakwai. Ta fara shan ruwa fiye da kima, hayaƙinta ya yi fari. Na kai ta wurin Donal Rooney bakanike, wanda tun yana yaron gareji yake duba ta. Ya kasa kunne, ya goge hannu, ya ce, "Malachy, wannan baiwar Allah hutu take nema."

Na ce, "Kerry kawai za ta kai mu ta dawo."

"Kerry? In ta kai ka shagon burodi ka gode wa Allah."

Na ce masa ubansa ya fi shi iya gyara da iya magana. Ya ce ubansa ma ba ya ta da matattu. Ya ɗaure abin da zai ɗauru, bai karɓi komai ba.

Ranar Lahadin, muna tsakiyar hawa, sai ta yi wata ƙara daga ciki, ƙwas, kamar an yar da guduma a rijiya. Ta yi tari ɗaya. Ta gangara da kanta zuwa gefen hanya don kada ta tare wa kowa, ta tsaya. Na murɗa makulli, shiru. Na zauna a ciki ruwa yana dukan gilashi har Donal ya zo. Ya buɗe gaba ya duba, sai ya cire hula. Injin ya buga, irinsa kuma an daina yi. Shayin da ke filas a gida na zubar da shi.

Lahadin da ta biyo baya maƙwabciyata Assumpta Keaney ta kai ni, Allah ya saka mata. Motarta ta lantarki ce, ba ta da murya ko kaɗan, tana tafiya kamar ɓarawo. Na tarar da Hughie a bakin taga da hularsa a hannu. Na zauna kusa da shi, na kira sunansa. Ya dube ni da ladabi ya ce, "Bawan Allah, ko ka ga wata jar mota a hanya? Yayana nake jira. Ba ya wuce Lahadi."

Na ce, "Ni ne, Hughie."

Ya ce, "To, in ka gan shi ka ce masa ina nan."

Jincy ta kawo mini shayi. Ban iya sha ba.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, mai shekara tamanin da ɗaya, da ƙanena Hughie, wanda har yanzu ba a gaya masa ba. Ta bar tayar safaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da filas mai kofi biyu, da wata kaza da ta saba yin ƙwai a ƙarƙashinta, yanzu tana ta zagaye tsakar gida. Ta bar ɗaki a Dingle, wanda na buga waya na soke. Matar ta ce Allah ya kai mu baɗi. Na ce amin don kada in ba ta kunya.

Masu ce mini in sayi wata, na ji, na gode, a bar maganar. Ba mota na rasa ba. Assumpta ta ce za ta riƙa kai ni duk Lahadi, kuma zan bi ta, ko da a matsayin bawan Allah ne zan zauna kusa da shi.

Ga tsarin jana'iza.

Marigayiya za ta kwanta a tsakar gidanmu ranar Juma'a daga azahar. Na wanke ta, na goge ta. A sanarwar mutane akan rubuta cewa gida na iyali ne kawai. Nawa a buɗe yake, don iyalin ba su da yawa. Akwai shayi, da burodi da naman alade, da kwalbar wuski da aka ajiye don tafiyar Kerry. Kada a kawo furanni. Wanda ya zo ya zauna, kada ya tsaya a bakin ƙofa yana duba agogo.

Ranar Asabar da hantsi Donal zai ja ta da motar garejinsa zuwa wurin masu sayen tsoffin ƙarafa da ke gaba da Tullaghan, ni kuma ina kan sitiyari. Ya ce shi bakanike ne ba mai ɗaukar gawa ba, kuma akwai gajeriyar hanya. Na ce ba a kai mamaci ta gajeriyar hanya. Za mu fara zuwa Sligo, daga nan mu hauro arewa ta Grange da Cliffoney, a hankali, kamar yadda ta saba. Wanda ya san hanyar ya san teku zai kasance a hannun hagu. Ba Kerry ba ne, amma ruwan ɗaya ne. Na sauko. A rubuta cewa Hughie ne ya ci gardamar.

Masu gidaje a bakin hanya, in kun gan mu, yatsa ɗaya ya isa.

Ayarin zai tsaya a ƙofar gidan tsofaffi. Shugabar ta yarda, Jincy za ta sa wa Hughie babbar rigarsa, ita kuma ta bi mu a motar Assumpta da magungunansa. Injin ba zai yi magana ba, na sani. Amma Donal ya caja batir, hon ɗinta yana nan da ransa, kuma ƙofar hagu har yanzu sai da gwiwa. Taswira tana kan kujerarsa, filas a cike.

Zan danna hon sau biyu. In ya fito da hularsa, a ba shi hanya, kada kowa ya taya shi buɗe ƙofar, kada kuma a yi masa ta'aziyya. In bai fito ba, ina roƙon masu rakiya su kashe motocinsu su yi haƙuri da ni. Zan sake dannawa.

Sanarwa daga Malachy Gallogly, Kilbrack, a madadin iyali.