Ranar da Na Dangwale Littafin Kaf Saboda Lalle

Abin da ba zan taɓa mantawa ba ya faru ne shekarar da aka yi canjin kuɗi, damina biyu bayan rasuwar maigidana, ana saura 'yan makonni bikin jikata Balki. Lokacin nan Bungudu ta cika da matan da ɓarayin daji suka koro daga ƙauyuka. Wata ƙungiya ta zo neman dattawan mata da za a koya wa zama da su, a rage musu nauyin zuciya. Wa za a fara kira in ba ni ba? Rabin unguwarmu ni na yanke musu cibiya, sauran rabin ni na sasanta iyayensu.

Aka kai mu Gusau kwana biyar. Mai koyar da mu, Malama Asma'u, ta ce aikin duka saurare ne. Da yake yawancinmu ba mu yi boko ba, ta ba kowa ɗan littafi mai hotuna. Kowane shafi zama ɗaya ne: ga kunne, ga baki a rufe, ga yatsan faɗa an soke shi. In kin gama zama da mace, ki koma gefe ki tambayi kanki: na saurara? Na bar ta ta kai ƙarshe? Na riƙe faɗana? Wanda kika cika, ki dangwala yatsa kusa da shi.

"Ba jarrabawa ba ce, Inna," in ji ta. "Ke za ki riƙa duba kanki da shi."

Na ce, "Ɗiyata, tun ba a yaye uwarki ba nake sauraron mata."

Aka haɗa ni da Rabi, wadda ta gudo daga wani ƙauyen Tsafe da 'ya'ya uku bayan an kashe mijinta a gona. Ba ta ci, ba ta barci. Litinin da Alhamis muke zama a zauren gidana. Da ta ce, "Inna, ranar da abin ya faru," sai in ce, "Ai na sani, ni ma da Malam ya rasu," in ɗauko tun daga ranar da aka kawo ni gidansa daga Rawayya. (Allah ya ba ni baki, wannan ko maƙiyina ya shaida.) Rabi tana "to", tana "Allah sarki". In ta tafi in ce yarinyar nan tana samun sauƙi, ga shi ko kuka ba ta yi.

Sai biki ya matso. Za a sa mini lalle, ni kuwa ba zan ɓata lallen bikin jikata da shuɗin tawada ba. Na zauna da hantsi na dangwale littafin kaf, har shafin ƙarshe. Na san halina, me zan jira?

Ƙarshen wata aka tara mu a Gusau. Hajiya Kulu ta Tsafe ta nuna nata, duk giɓi, tana cewa ta katse wata mata sau uku. Na ce, "Kulu, ba kowa Allah ya ba ba." Na miƙa nawa da hannun lalle, yadda kowa zai gani.

Malama ta yi ta buɗe shafi. Ta ce, "Inna, zama nawa kuka yi da Rabi?"

"Shida."

"Nan na ga ashirin da huɗu."

Na ce hannuna ne ke da sauri. Ɗakin ya ɗauki dariya, Kulu har tana riƙe ciki. Malama ba ta yi ba. Ta ja ni bakin ƙofa ta rage murya. (Kunnen Kulu dai ya biyo mu.)

"Mene ne sunan mijin Rabi?"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Wannan bai taɓa faruwa da ni ba tun da na yi haƙori.

"Na leƙa ta makon jiya," in ji Malama. "Ta ce naki sunansa Malam Garba, yana son fura mai tsami, ranar Laraba ya rasu. Ta roƙe ni in samo miki wadda za ki riƙa yi wa magana. Ta ce tsohuwar nan tana cikin damuwa, ita kuma ba ta da ƙarfin ɗaukar naki da nata."

Ashe wata guda ni ake yi wa magani, mai ciwon kuma tana jiran layi.

Aka ba ni sabon littafi. Ranar Litinin na cusa rabin goro a kunci, na zauna a kan hannuwana. Rabi ta daɗe tana jiran in fara. Da ta ga ba ni da niyya, ta ce, "Sunansa Sani." Ta yi ta magana har azahar, ta yi kukan da ta zo yi tun farko. Ran nan dangwale biyu na samu cikin uku, don sau ɗaya na tofar da goron na katse ta. Abin da na koya a tsufana ke nan: a yi zama tukuna, sannan a shafa tawada.

Cikin tsofaffi bakwai da muka yi horon, uku sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Malama Asma'u tana nan Gusau. Rabi tana tuyar awara a bakin tasha, ta yi ƙiba. Kulu ma tana nan da ranta, ba ta gani sosai, amma duk inda ta ji muryata sai ta ce, "Ashirin da huɗu, an iso?"