Sallayar da Na Raɗa wa Sunan Gunki

Ko daga barci aka tashe ni, ba zan manta da wata Juma'a a Guangzhou ba, wajen 1998, zuwana na farko sayen kaya tare da kawuna Alhaji Sani. Sharaɗinsa a fili yake: in na yi abin kai ya sakar min harkar Sin, in na yi shirme in koma jiran shago a kasuwar Kwari.

A kasuwar Sanyuanli na gano wata sallaya mai zif. Ka shimfiɗa ka yi salla, ka naɗe ta zama jaka, ka ƙara ninkewa ta zama matashi. A can kuwa in ka yi oda da yawa, sai a ɗinka maka sunan da kake so a jikin kaya. Ni kuma na taɓa ganin sunan Proteus a jikin wani jirgin ruwa, a kalandar ofishin masu dakon kaya, har akawun wurin ya ce ma'anarsa abu mai sauya siffa. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, na yi oda da yawa na bayar da sunan aka ɗinka. (Ban shawarci kowa ba. Lokacin gani nake duk Kano babu mai kaina.)

Da aka sauko daga masallaci muka zauna cin taliya da Kawu da manyan alhazan Kano da Maraɗi. Na zaro sallayar ina naɗewa ina warwarewa, ana ta sa min albarka. Kawu har murmushi ya yi, abin da ba ya yi a banza. Sai Isuhu, wani ɗan Yamai mai karatun likita a garin, ya karanta sunan ya daina tauna.

"Wa ya ba ka sunan nan? Mu a asibiti sunan ƙwayar ciwon fitsari ne."

Da ya tsaya nan da sauƙi. Ya ce ita ma ƙwayar aro ta yi daga wani abin bautar Girkawa na teku, tsoho wanda in an cafke shi sai ya rikiɗa zaki, ko maciji, ko ruwa.

Kawu ya shimfiɗa sallayar a hankali. Sunan yana daidai inda goshi ke sauka.

"Wato gunki za mu kai wa mutanen Kano su yi sujada a kai?"

Kunya ta rufe ni, zufa har cikin takalmi. Na ce laifin akawu ne. Na dawo na ce mai masana'anta ne ya zaɓa. Ƙarshe na ce ai ni ba na jin Turanci, ni da na wuni ina yi musu tafinta. Wani dattijon Maraɗi ya ce, "Ku daina neman gunkin a teku, ga shi nan yana rikiɗa a gabanmu."

Da reza na bi sallayun ina farke sunan ɗaya bayan ɗaya, sannan na koma jiran shago. Har yau a Kwari Furotus ake kirana, yarana ma sun ɗauka sarauta ce.

Tun daga nan, suna ko na sabulu ne, sai na binciki asalinsa kamar mai neman auren 'yata.