Ɗebewa Sau Ɗebewa a Garejin Manaja

Wanda bai ga Manaja ba, ai bai taɓa ganin ilimi yana tafiya da ƙafa biyu ba. Mutum ne mai tumbi da basira, ko tari zai yi sai an yi shiru a gareji. Motocin hayar wani kamfani yake kula da su, amma aikin ya yi masa kaɗan, shi ma ya sha faɗa. Ga kujerar babban manaja can a bene babu kowa a kanta, mai kamfani kuma ya ce zai zo duba aiki kafin ya ba da ita. Tun daga nan bawan Allah ya daina barci.

Ana haka ya je makarantar 'yarsa don ya yi wa malamin lissafi faɗa, sai ya ga an rubuta dokar ninka lambobi a allo: tarawa sau tarawa, tarawa; tarawa sau ɗebewa, ɗebewa; ɗebewa sau ɗebewa, tarawa. Nan take ya manta faɗan. Yarinyar ta ce, "Baba, ai alamomin lambobi ne kawai." Ina! Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Washegari ya tara ma'aikata, alli a hannu.

"Jahilci ne ya hana ku ci gaba," in ji shi. "Kuna ba direban kirki lalatacciyar mota, ai asara ce. Lalatacce da lalatacciya za a haɗa, alheri ya fito. Kimiyya ce, ba ku isa ku gane ba."

Ya bi motoci da direbobi yana zana musu alama, wasu a ƙofa, wasu a bayan riga. Akwai wani direba da ake ce wa Gyangyaɗi, don ko a danja yakan ɗan runtsa. Shi Manaja ya damƙa wa bas ɗin da ba ta da birki, har da tafi.

Bakanike ya zo yana sosa ƙeya, ya ce ai tayoyinta ma sun suɗe. Hankalin Manaja ya tashi. Ba don tayoyi ba fa, don matsala ta zama uku, ɗebewa uku kuwa ɗebewa suke haifa. Ya yi ta kai-kawo yana gumi, can sai ya buga tebur.

"A cire madubin! Ta zama huɗu!"

Wallahi aka cire. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma wa zai faɗa wa mai alli?

Ranar da mai kamfani ya iso, ya ajiye sabuwar motarsa a bakin ƙofa. Manaja, cikin kwat da ta ƙi rufe tumbi, ya ɗaga hannu a fito da abin alfahari. Bas ta gangaro a hankali, Gyangyaɗi ya kifa kai a sitiyari yana minshari. Ta wuce Manaja, ta wuce mai gadi, ta je ta rungumi sabuwar motar nan, ƙuuu, har gilashi ya zube.

Amma bakin Manaja bai mutu ba.

"Ranka ya daɗe, kada ka duba da ido, duba da lissafi. Bas ɗin nan ɗebewa huɗu ce, wato tarawa. Motarka ma tarawa ce. Riba ka ci."

Mai kamfani ya karɓi allin, ya ja masa layi ɗaya na ɗebewa a tumbi, ya nuna filin baya inda ake jibge matattun motoci.

"Na gamsu da kimiyyarka. Duk abin da ke can ɗebewa ne. Kai kaɗai suke jira."

Yana can har yau a kan tsohuwar taya, yana gaya wa ƙadangaru cewa ƙarin girma aka yi masa.